Mutanen Asabar

Litinin, 3 ga Maris

An aiko da sababbin ma'aikata daga Kwatano. Tamu ɗaya ce, sunanta Fifame. Shef Zannou, shugaban ofishinmu, ya ce, "Metir, ga 'yarka nan, ka san yadda kake yi da su." Metir suke ce mini, wato malam. Na sani mana. Tun da na ajiye alli na bar 'yan aji shida na dawo aikin gwada masu neman lasisin tuƙi, duk sabon mai gwaji da ya taka Bohicon a bayan kujerata yake fara zama. Har yanzu ina jin irin zumuɗin ranar buɗe makaranta, ban san ranar da zan girma ba.

Yarinyar tana da ido. Wani ɗan kasuwa ya faɗa shataletale bai ko kalli madubi ba, na waiwaya in ga ko ta lura, sai na ga ƙafarta a miƙe tana taka birkin da babu shi. Na ce a raina, an samu.

Na gaya mata abin da nake gaya wa kowa. Ba ruwanmu da fuska, ba ruwanmu da ko ɗan waye, ba ruwanmu da abin da na gabansa ya yi. Mutum ɗaya, mota ɗaya, abin da idonki ya gani. Ta ce, "Shi ke nan, Tonton?" Haka take kirana, wato kawu. Na ce sauran duk ƙari ne.

Laraba, 5 ga Maris

Ta nuna mini takardar aikinta, raina ya ɓaci tun kafin in kai ƙarshe. Wata shida ne, a sabunta ko kada a sabunta. Babu fansho. Aikin Asabar dole. Mu tsofaffi an ce duk mai so ya sa hannu ya koma wannan tsarin, za a ƙara masa alawus. Ba tilas, in ji su. Tukuna dai.

Sai kuma maganar allon kwamfutar hannun nan da suka raba mana maimakon takardar maki. Yana tara sakamakon kowa, ya fitar da tsaka-tsakin ofis. Wanda ke kusa da tsaka-tsakin, sunansa kore. Wanda ya yi nisa, ko ta yawan ba da nasara ko ta yawan kayarwa, rawaya. Ya ƙara nisa, ja. Hikimar wai mai yawan ba da nasara ya karɓi wani abu, mai yawan kayarwa kuma so yake a ba shi. Ban ce babu masu karɓa ba. Akwai su, mun san su, su ma sun san mun san su.

A wurinmu tsofaffi launin ado ne kawai. Wanda yake kan kwantiragi kuwa, in wata shida ya cika yana ja, ya tafi.

Gbaguidi, da muka fara aikin nan shekara ɗaya da shi, ya juya allon ya sake juyawa ya ce, "To, sun mai da mu fitilar titi. Saura a kafa mu a mahaɗa."

Juma'a, 14 ga Maris

Yau ta fita ita kaɗai. Na tsaya bakin ƙofa kamar uban amarya, har Gbaguidi ya ce in zo in zauna kada in sa mata baki.

Asabar, 22 ga Maris

Fifame ta biyo gida da yamma, ɗan zem, wato ɗan acaba, ya sauke ta tana ta dariya. Kusan duk waɗanda ta gwada yau sun ci. "Tonton, ban taɓa ganin irin wannan ba! Kowa ya ɗaura bel kafin in ce, kowa ya duba madubi, har na fara zargin kaina."

Ɗaliban Papa Hounsa ne, mai makarantar koyon tuƙi. Tsohon ba ya kawo mutum gwaji sai ya tabbata, ko da mutumin zai yi fushi ya koma wata makarantar. Galibinsu ma'aikata ne, nas-nas da malaman makaranta da 'yan banki. A da sai sun nemi izini a wurin aiki su zo tsakiyar mako, a rarraba mana su. Yanzu da aka buɗe Asabar, ya kwashe ranar gaba ɗaya.

Matata Akuavi ta zuba mata amiwo, jan tuwon masara, da kaza, ta tsaya a kanta sai da ta cinye. Bayan ta tafi ta ce mini, "Wannan ba ta ci, aikin ne ke cin ta. Ka riƙa kawo min ita."

Juma'a, 11 ga Afrilu

Fifame rawaya.

Litinin, 14 ga Afrilu

Na shiga wurin Shef na yi masa bayani dalla-dalla, har da zane a bayan ambulan. Ita kaɗai ce a kan sabon tsari, don haka ita kaɗai ke yin Asabar. Mutanen Asabar sun iya tuƙi. Ina laifinta? In ka ba malami ajin da ya fi kowanne, ka kuma hukunta shi don yaransa sun ci jarrabawa, wane irin lissafi ne wannan?

Ya saurare ni har na gama, don mutumin kirki ne, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ya juyo da nasa allon ya nuna mini. "Metir, ni ma ga nawa launin. Ba ni na gina abin nan ba. Ka rubuta wa Kwatano."

Zan rubuta.

Juma'a, 25 ga Afrilu

Na yi abin da ban saba ba, na ɗaga murya a rumfar mai tuwon akasa.

Muna cin abinci mu uku, Gbaguidi ya tsame ƙayar kifi daga bakinsa ya ce mata, "Ƙanwata, kada ki bari wannan limamin cocin ya kashe ki. Abin mai sauƙi ne. Mutanen Alhamis su biya wa mutanen Asabar. Ai kullum akwai wanda yake kan iyaka, mota ta mutu masa, ko sigina ta makara. Ki ɗan tura shi. Bayan wata ɗaya zai dawo ya ci, ba wanda ya mutu."

Na ce masa wannan sata ce, sai dai ba a aljihu ake sa ta ba. Na ce mutumin Alhamis ɗin nan wataƙila aikin tuƙa motar kamfani ke jiransa ranar Litinin. Na faɗi wasu abubuwan da bai kamata ba, har da zancen wani babur da ya saya a shekarun baya.

Bai yi fushi ba. Ya ce, "Kai kana da fansho, Metir. Wa'azi ya fi daɗi a bakin mai fansho."

Fifame ta biya kuɗin abincinta ta tashi.

Talata, 6 ga Mayu

Taron ƙungiyar ma'aikata. Tun safe ana kan alawus ɗin mai da rigar ruwa. Da na tashi da maganar launi sai shugaban ya ce wannan ya shafi 'yan kwantiragi, su kuma ba su cika sharaɗin zama 'yan ƙungiya ba. Na ce to wa zai yi musu magana? Aka ce an rubuta. Wani daga baya ya ce, "Zauna, Metir, an tashi daga aji."

Wasiƙata ta Kwatano shiru. Na sake aika wata.

Asabar, 17 ga Mayu

Dabara ta zo mini ina wanke mota: in karɓi rabin Asabar ɗinta mana. Ni launi bai dame ni ba. Na kira Shef da kumfa a hannuna.

Ba zai yiwu ba. Takardar aikina ba ta san Asabar ba. In wani abu ya faru a hanya, inshora ba ta san ni ba, ma'aikata ma ba ta san ni ba. Allon ma ba zai buɗe da sunana ba ranar. "Sai dai in ka sa hannu," in ji shi, ya yi dariya don ya ɗauka wasa ne. Ni ma na yi.

Juma'a, 30 ga Mayu

Ja.

Ta same ni bayan an tashi, ruwa na zuba, muka tsaya ƙarƙashin rumfar babura. Ta ce jiya wata mata mai sayar da atamfa ta zo, mota ta mutu mata sau ɗaya a hawan nan na bayan tasha. Ta ja birkin hannu, ta tayar, ta wuce lafiya. A ƙa'ida wannan ba faɗuwa ba ce.

"Yatsana ya tsaya a kan allon, Tonton. Ya daɗe. Matar tana kallona, ni ina kallon jan nan."

Na ce sai me kika yi?

"Na ba ta. Ba haka ka ce ba?"

Haka na ce. Na ji daɗi, nan take kuma na ji kunya, ban san ta ina ta fito ba. Mahaifiyarta tana Djidja, ƙannenta biyu suna makaranta a hannunta. Ni kuwa na ba ta jimla uku masu kyau na koma gida na ci tuwo.

Litinin, 2 ga Yuni

Na gaya wa Akuavi ina tunanin sa hannu. Ta ajiye ludayi.

"Shekara huɗu ta rage maka. Huɗu! Ka ɗauki takardar da ba mai iya korar ka, ka musanya da ta wata shida?"

Na ce abin da na tara na fansho ba zai ɓace ba, tsayawa kawai zai yi. Na ce ni na koya mata, ba zan tsaya ina kallo ba.

"Ka koyar da yara ɗari nawa a duniya? Duk za ka bi su gida ka ɗauke musu kaya?" Can kuma, tana juya miya ba ta kalle ni ba: "Ita yarinyar ta roƙe ka?"

Ba ta roƙe ni ba. Da ta sani ma hana ni za ta yi.

Alhamis, 12 ga Yuni

Na je wurin Papa Hounsa. Na same shi a filinsa yana zagin wani likita a kan kuloci, likitan yana ta "to, Papa, to, Papa". Na roƙe shi ya rarraba ɗalibansa cikin mako kamar da.

Ya kalle ni ta saman tabarau. "In ce wa nas ta bar mai naƙuda ta zo ranar Talata, don injinku ya ji daɗi? Su suka roƙi Asabar shekara da shekaru." Sai ya ce, "Ko kuwa in riƙa haɗo muku da wawaye biyu-uku kowane mako, a gauraya? Akwai su da yawa a makarantar can ta bakin kasuwa, sai in aro."

Dariya ya yi har da tari. Ni ban yi ba, don sai da na tsaya na auna maganar kafin in gane wasa yake. Abin da aka mai da ni ke nan.

Litinin, 30 ga Yuni

Na sa hannu. Shef ya tambaye ni sau biyu. Gbaguidi ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji da na wuce, kamar an fito da gawa.

Talata, 1 ga Yuli

Fifame ta ji. Ta shigo ofis ba ko gaisuwa. "Wa ya sa ka? Tonton, wa ya sa ka? Yanzu in na faɗi, mu biyu na kayar." Na ce ba za ta faɗi ba, na yi lissafi, in muka raba Asabar za ta sauko rawaya kafin ƙarshen Agusta. Ta ce, "Kai da lissafi." Ta fita. Da rana na tarar da ƙullin gyaɗa a kan teburina.

Asabar, 5 ga Yuli

Asabar ɗina ta farko. Kai! Na manta akwai irin wannan daɗin a aikin nan. Kamar ka zauna duba takardun ajin da kowa ya yi karatu. Wata ungozoma ta yi fakin da ko ni sai in yi sau biyu kafin in samu. Da na ce ta ci, ta rungume sitiyari tana kuka, wai yanzu ba sai ta jira ɗan zem ba in an kira ta haihuwa a ƙauye.

Na dawo ina waƙa. Akuavi ta ce, "A yi dai mu gani."

Juma'a, 25 ga Yuli

Tana saukowa, amma a hankali. Ban sa watannin baya a lissafina yadda ya kamata ba, suna da nauyi. Na ce wa Shef a ba ni Asabar duka. Ya yarda.

Kwatano ta amsa wasiƙata ta farko. Sun gode da kishina. Tsarin yana kan gwaji, za a duba shi a ƙarshen shekara.

Alhamis, 14 ga Agusta

Saura kaɗan, kaɗan ƙwarai. Gbaguidi ya ja ni gefe, wannan karon ba da wasa ba. "Mutum biyar kawai, Metir. Ta kayar da biyar cikin mako biyun nan ta tsira. In kai ka ce mata za ta yi. Ni ba ta jin tawa."

Na wuni da maganar. Na same ta tana goge gilashin motar gwaji, na tsaya, na buɗe baki. Na tambaye ta lafiyar mahaifiyarta.

Ta ce da sauƙi. Ta ci gaba da gogewa. Ina jin ta san abin da ya kawo ni.

Juma'a, 29 ga Agusta

Ba a sabunta ba. Ba wanda ya kira ta ma. Ta dawo daga gwajin ƙarshe, allon ya nuna mata saƙo, ya rufe kansa.

Ta miƙa wa Shef allon da makullin mota. Shef ya rasa inda zai sa idonsa. Ta gaishe da kowa hannu da hannu, har da Gbaguidi, wanda ya ce, "Ƙanwata, kin fi mu," ya shige banɗaki ya daɗe.

Na raka ta bakin titi. Na shirya magana tun safe, maganar ta tsere mini. Ita ce ma ta ce, "Kada ka sa a ranka, Tonton. Ko ɗaya ban tura ba. Ko ɗaya." Ta tsayar da zem ta hau.

Wannan wace irin ma'aikata ce, da za ta kori wadda ta fi kowa ido don ta ga daidai?

Asabar, 6 ga Satumba

Papa Hounsa ya ɗauke ta koyarwa. Shi da kansa ya kira ni: "Kun yar, na tsinta. In akwai wata irinta ku sake yarwa." Albashin bai kai ba, amma aiki ne. Na ji sanyi.

Ba za a aiko da wani a madadinta ba sai sabuwar shekara. Asabar tawa ce ni kaɗai.

Asabar, 20 ga Satumba

Ɗalibanta sun fara zuwa. Ba sai an gaya mini ba, ina gane su. Kafin su tayar da mota sai sun taɓa madubi ko da daidai yake, sai sun waiwaya ta kafaɗa. Nawa ne wannan, ni na koya mata. Kowa ya ci.

Ta tsaya can bakin shinge, ba ta matso ba don kada a ce wani abu. Ta ɗaga mini hannu.

Na zama rawaya.

Laraba, 8 ga Oktoba

Akuavi ta ce na daina ba ta labarin mutanen da na gwada. Wai a da har ta gaji da ji. Na ce gajiya ce, kwana shida a mako ba wasa ba ne a shekaruna. Ta ce, "Kuma me kake dubawa a abin nan tun kafin ka wanke baki?" Sanarwa nake dubawa. Suna yawan aiko da sanarwa.

Asabar, 18 ga Oktoba

Duk sun ci kuma. Yarinyar nan ba ta san ta kawo ko mutum ɗaya mai rauni ba?

Ban so na rubuta wannan ba. Na bar shi dai.

Litinin, 27 ga Oktoba

Shef ya tuna mini nawa wata shidan zai cika ƙarshen Disamba. Na ce na iya ƙirga. Rufin ɗakin baya yana yoyo, kuɗin makarantar auta yana tafe.

Alhamis, 30 ga Oktoba

Rana kamar kullum. An yi yayyafi da safe, daga baya iska ta taso.

Na ƙarshe wani saurayi ne, bakanike daga hanyar Zogbodomey, ya zo da rigar coci a goge. A titi ba laifi, hannunsa a natse, ya san mota. Muka dawo fili don ribas tsakanin sanduna. Ya shiga a hankali. Sandar hagu ta baya ta motsa.

Ya ce, "Papa, iska ce, wallahi ban taɓa ba. Ka fito ka duba, akwai tazara."

Ban fita ba. Ƙa'ida ba ta ce sai an fita ba. Sanda ta motsa, na gani a madubi da idona. Na ce ya dawo bayan wata ɗaya, zai ci, hannunsa yana da kyau. Ya ce akwai wani mai motar ɗaukar abarba da ya ce zai jira shi zuwa Litinin. Na ce Allah ya kawo wani. Ya ce na gode, Papa. Har da na gode.

Ta motsa dai. Ina jin na ma ji ƙara.

Gbaguidi yana zaune bakin rumfa, ya ga komai. Na jira ya yi mini ba'a, bai yi ba. Ya matsa ya ba ni wuri a benci.

Fifame ta kira da yamma, wai tana da mutum tara jibi, duk sun shirya, in zo da ƙarfina. Na ce madalla, 'yata. Ta ce muryata wani iri. Na ce mura ce.